Tarwaɗa ma iri gare ta: mu fid da namu a cikin gida

 

Kowa ya san manomin ƙwarai ba ya cinye irinsa. Tun a gona yake zaɓen zangarkun da suka fi cika, ya ɗaure su daban, ya ajiye a ƙuryar rumbu. Ko yunwa ta matsa, ba ya taɓa su. Ya san ranar da ruwan shuka ya sauka, wanda ya tafi neman iri a kasuwa ya makara, kuma bai san abin da za a auna masa ba.

To, abin da ba mu yarda da shi ba a kan hatsi, shi muke yi a kan kifi. Mutane da yawa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai sun gina kwami na siminti, ko sun shimfiɗa tamfol a bayan ɗaki, suna kiwon tarwaɗa. Abu ne mai kyau. Amma ku tambaye su inda suka samo ƴaƴan kifin. Galibi za su ce muku daga nesa aka kawo. Ra'ayina a yau ɗaya ne: kiwon kifi ba zai zauna da gindinsa a karkara ba sai mun iya fid da irinmu da kanmu. Aikin nan kuwa ba ya neman babban fili. A kwami ƙarami ake yin sa, a cikin gida, ƙarƙashin rumfa. Kuma ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku kuka fi kowa dacewa da shi. Ku biyo ni ku ji dalili.

Me ya sa ba za mu dogara ga tabki da kasuwa ba

Muna da ruwaye masu albarka: tabkin Madarumfa, da na Tabalak, da na Ɗan Dutsi, da na Gidimuni, da na Lasuri, ga kuma kogin Kwara da Komadugu. Masunta suna ci, suna sayarwa. Amma manyanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara ya tsaya da gudu a Yamai. Tabkin Cadi, wanda a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilometir dubu 25, a tsakiyar shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Tabkin da ya ƙafe ƙurmus, kifinsa ya tafi. In ruwa ya dawo, sai an sake zuba masa iri. Ina za a samo shi?

Tun shekarun 1980 aka buɗe tashar ƙyanƙyasar kifi a Sona, cikin jihar Tilaberi, domin masu kiwon karfasa a kogi. Amma daga bakin kogi zuwa Magarya ko Tasawa tafiya ce mai tsawo. Shi ya sa masu kiwon tarwaɗa na kudu suka fi juyawa wajen Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasa a duniya kiwon wannan tarwaɗa tamu ta Afirka. Maƙwabta ne, ƴan uwa ne, ba laifi a yi ciniki da su. Sai dai ku tuna: an rufe iyaka daga watan Agusta na 2019 har Disamba na 2020. An sake rufe ta bayan watan Yuli na 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Mai kwami a lokacin nan, kwaminsa ya zama wurin shanya.

Ko iyaka a buɗe take, ɗan kifin da ya wuni cikin jarka a bayan mota, rana tana dukansa, ya iso a galabaice. Wasu su mutu a hanya, wasu su mutu bayan kwana uku. Waɗanda suka rayu kuma, ba ku san uwarsu ba, ba ku san kwanakinsu ba. Sau da yawa tsumburarru ne da mai su ya tace ya ware, saboda sun ƙi girma. Ku ciyar da su wata shida, su tsaya kamar jiya aka zuba su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da masu akwatin gilashi suka gano

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu ajiye kifi a cikin ɗaki, cikin akwatin gilashi, domin sha'awa kawai. Har dangin ƙurungunmu na Afirka suna ajiyewa. Cikin kifayen da suka fi so akwai wani ɗan mitsitsi mai gashin baki, dangin tarwaɗa ne, asalinsa daga kogunan Amurka ta Kudu. Ana ce masa koridoras. Tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba. Tun shekarar 1878 wani Bafaranshe mai suna Pierre Carbonnier ya sa irin wannan kifi ya hayayyafa a birnin Paris. Har yau mutane suna yin haka a gidajensu, cikin ruwan da bai wuce bokiti huɗu ko biyar ba.

Yaya suke yi? Suna ciyar da iyayen da abinci mai kyau har macen ta cika da ƙwai. Sannan su kwashe wani kashi na ruwan, su zuba sabo mai ɗan sanyi. Kifin ya zaci damana ta faɗi. Sai macen ta bi jikin gilashin tana manna ƙwai. Daga nan su raba ƙwan da iyayen, don kada su cinye. Bayan kwana uku zuwa biyar ƴaƴa su fito. Sai a yi ta ba su abinci ɗan kaɗan-kaɗan, ana sake musu ruwa.

Ba ina ce muku ku nemi koridoras ba ne. Ba ya cika tukunya. Abin da nake so ku ɗauka shi ne dabaru huɗun nan: a ƙosar da iyaye, a san abin da ke sa kifi yin ƙwai, a raba ƙanana da manya, a tsare tsabtar ruwa. In mutumin ƙasar ƙanƙara zai iya wannan domin kallo, mu da Allah ya ba ɗumin da kifi ke so, me zai hana mu yi domin cimaka?

Halin tarwaɗa

Kun san tarwaɗa da taurin rai. A cikin kanta akwai wani abu mai rassa kamar ɗan icce, da shi take shaƙar iska kai tsaye. Shi ya sa take rayuwa cikin taɓo, inda karfasa ta daɗe da mutuwa. Amma ku lura ƙwarai: ɗan tarwaɗa ba a ƙyanƙyashe shi da wannan abu ba. Sai ya yi sati biyu zuwa uku yake samunsa. Kafin nan, ruwa in ya lalace, dare ɗaya ya ishe shi ya kashe su duka. Masu yawa da suka yi asara, taurin ran uwa ne ya ruɗe su, suka zaci ɗa ma haka yake.

A daji, tarwaɗa tana yin ƙwai da damana, lokacin da gulbi ya kawo, ruwa ya malale cikin ciyawa. Da dare take yi, a wuri marar zurfi, ta bar ƙwan manne da ciyawa, ta yi gaba. A cikin kwami kuwa, cikinta yakan cika da ƙwai, amma ba ta sakinsa. Wani lokaci in an ƙara mata ruwa farat ɗaya da damana, takan yarda, amma ba abin dogara ba ne. A shekarun 1970 da 1980 masana suka daidaita wata dabara, a Bangi ta Afirka ta Tsakiya da kuma ƙasar Holan: a yi wa macen allura, ƙwan ya nuna, a tatse shi da hannu. Da wannan dabara ake fid da irin tarwaɗa ko'ina a yau.

Kayan da ake bukata

Kwami na siminti, tsawo metir 2, faɗi metir 1. In ruwa ya kai zurfin santimetir 30, litir 600 ke nan. Wanda ba shi da halin siminti, babban baho na roba ya isa farawa. Ku guji tano na ƙarfe mai tsatsa, da duk abin da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari. Sabon siminti yana kashe kifi: ku cika kwamin da ruwa, ku bar shi ya jiƙa, kuna zubarwa kuna sakewa har sati biyu kafin ku sa kome.

Sai rumfa mai inuwa, da yankin gidan sauro wanda ba a sa wa magani ba. Ku kiyaye wannan: gidan sauro mai magani da ake rabawa a likita guba ne ga kifi, na gadonku ne, ku bar shi a can. Sai guntun tiyo, da kwanon roba busasshe, da gashin kaza mai tsabta, da sirinji sabo, da gishiri, da sikeli, da ma'aunin zafin ruwa. Na ƙarshe, kuma shi ne babba: kaye da alƙalami.

Ruwan da ƙwai da ƴaƴa suka fi so shi ne mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Saboda haka kada ku fara da tsakiyar ɗari, watan Disamba da Janairu, don ruwa yana yin sanyi da asuba, ƙwai ya lalace. Da tsananin bazara kuma, ruwa kaɗan yana yin zafi fiye da kima. Mai koyo ya fara da faɗuwar damana, lokacin da ita kanta tarwaɗa take yin ƙwai. Ruwan rijiya yana da kyau, amma a zubo shi daga sama yana fantsama, don ya sha iska. Ruwan famfo na birni akwai magani cikinsa: a tara shi a buɗe ya kwana ya wuni kafin a yi aiki da shi.

Daren ƙyanƙyasa

Ku zaɓi iyayen da suka shekara ko suka fi, masu nauyin rabin kilo zuwa kilo ɗaya, marasa rauni. Namiji yana da ɗan tsiro mai tsini a bayan dubura. Mace ba ta da shi, nata kewayayye ne, cikinta kuma ya kumbura ya yi taushi. In kun matsa cikin a hankali, ƴan ƙwayaye masu launin kore-kore suka fito, girmansu ɗaya, to, ta isa.

Allurar iri biyu ce. Akwai ta saye, kamar wadda ake ce wa Ovaprim, ana ba da rabin mililitir ga kowane kilo na nauyin macen. Akwai kuma ta gida: a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kowace tarwaɗa akwai wata ƴar ƙwaya fara, ba ta wuce ƙwayar hatsi ba. Ana ciro ta daga kifin da nauyinsa ya yi daidai da na macen, a murƙushe ta cikin ɗan ruwan gishiri, a zuƙe da sirinji. Ruwan gishirin nan, garam 9 na gishiri ne cikin litir 1 na ruwa mai tsabta. A naman baya ake yin allurar, kusa da ƙayar gadon baya. Da maraice ake yi, a ajiye macen ita kaɗai cikin baho mai murfi, don takan yi tsalle.

Nan ne karatu yake amfani. Ku rubuta ƙarfe nawa kuka yi allurar, ku rubuta zafin ruwan. Bayan awa 8 zuwa 12 ƙwan zai nuna: ruwa mai ɗumi yana gaggautawa, mai sanyi yana jinkirtawa. In kun yi gaggawa, ƙwan ya ƙi fita, ko ya fito da jini. In kun makara, ta zubar da shi cikin baho, aiki ya ɓaci. Don haka daga awa na bakwai ku riƙa dubawa.

Da lokaci ya yi, a fara da namiji. Shi ba ya tatsuwa, dole a yanka shi, a ciro marainansa biyu masu fari-fari, a share musu jini, a ajiye a busasshen wuri. Sannan a riƙe macen da tsumma mai laima, a rufe mata kai, a share jikinta, a matsa cikin daga sama zuwa ƙasa cikin busasshen kwano. Da kun ga jini, ku tsaya. Sai a tsattsaga marainan, a matse farin ruwansu bisa ƙwan, a gauraya da gashin kaza. Bayan haka ne kawai ake zuba ruwa mai tsabta kaɗan, a ci gaba da juyawa kamar minti ɗaya. Ku riƙe wannan: ruwa ne ke tayar da irin namiji, kuma da ya tashi ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. In ruwa ya taɓa shi tun kafin ya gamu da ƙwai, an yi asara.

Sai a baza ƙwan bisa gidan sauron da aka shimfiɗa cikin ruwa, kada wani ya hau wani. A rufe kwamin ya yi duhu. Bayan awa 20 zuwa 30 za ku ga ƴan abubuwa kamar zare suna motsi, suna zurarewa ta cikin ramukan ragar zuwa ƙasa. Ƙwan da ya yi fari ya mutu. Ku ɗage ragar da shi gaba ɗaya, ku fitar tun bai ruɓe ya ɓata ruwan ba.

Wannan duka a takarda ne. Wajen allura da ciro ƙwayar nan ta kai, gani ya kori ji. Ku nemi wanda ya iya, ko ma'aikacin ruwa da dazuzzuka na yankinku, ku tsaya kusa da shi sau ɗaya ko biyu kafin ku sa hannu. Maganin allurar kuma a ɓoye shi a wuri mai sanyi, nesa da yara.

Kwana arba'in na raino

Ƙyanƙyasa dare ɗaya ce. Raino shi ne aikin. A ganina, cikin masu faɗuwa a sana'ar nan, waɗanda raino ya kayar sun fi waɗanda allura ta kayar yawa nesa ba kusa ba.

Kwana uku na farko kada ku ba su kome. Kowane ɗa yana ɗauke da guzurinsa, wata ƴar jaka a ƙarƙashin ciki. Ran na huɗu guzuri ya ƙare, sun fara yawo, sai abinci. Abin da ya fi musu kyau shi ne ƙananan ƙwarin ruwa masu rai, waɗanda ido da ƙyar yake ganinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun kwana goma kafin allura, ku cika wani mazubi da ruwa a rana, ku jefa ƙunshin busasshen kashin kaji cikin buhu, ku ƙara ɗan ruwan tabki. Ruwan zai yi kore, ƙwarin su yawaita. Ku rufe shi da raga don kada sauro ya yi ƙwai ciki. Kullum ku tace da ƙyalle mai laushi, ku ɗauraye, ku ba ƴaƴan. In wannan ya gaza, gwaiduwar dafaffen ƙwan kaza, a murza ta cikin ƙyalle, tana taimakawa. Amma kaɗan ƙwarai, don tana saurin ɓata ruwa.

Bayan sati ɗaya zuwa kwana goma, ku fara haɗa musu da gari mai laushi: garin busasshen kifi ya fi yawa, sai ɗan ƙuliƙuli da dusa mai laushi, a tankaɗe sosai. Da suka ƙara girma, gara da tsutsa abinci ne na ƙwarai. Dusa zalla ba ta raya ɗan tarwaɗa, don shi mai cin nama ne. Ku ba su sau biyar ko shida, har da dare, domin da dare suka fi ci. Kada ku zuba abin da ba za su cinye nan take ba. Abincin da ya kwanta ƙasa shi ke zama guba.

Kowace safiya ku zuƙe dattin ƙasa da tiyo, ku ɗaura raga a bakinsa kada ya tafi da ƴaƴa. Ku sake kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ko rabi in ya fara wari. Sabon ruwan ya zama ɗuminsa ɗaya da tsohon. In kun ga ƴaƴa sun taru a sama suna tsaye kamar an rataye su, ruwa ne ya lalace: ku dakatar da abinci, ku sake ruwa nan da nan.

Sai babban abokin gaba, wanda yake cikin gida. Tun sati na biyu za ku ga wasu ƴan kaɗan sun yi wa sauran nisa a girma. Waɗannan ƴan uwansu suke haɗiyewa. Guda goma irinsu sun isa su rage muku kwami ya koma rabi, ba ku ga gawa ko ɗaya ba. Maganinsu tacewa: kowane sati ku ware manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban. Shi ya sa kwami biyu ƙanana sun fi babba guda ɗaya. Ku rufe saman da raga saboda kwaɗo, da tsuntsu, da guza, da mazari, wanda tsutsarsa ke cin ƴaƴan kifi. Murfin nan kuma kariya ce ga yaro mai rarrafe. Kada a bar kwami a buɗe a gidan da ke da ƙananan yara.

In Allah ya yarda, bayan sati biyar zuwa shida ƴaƴan sun kai tsawon ɗan yatsa. Sun zama iri, na zubawa a kwamin kiwo ko na sayarwa. Mai ciyar da su da kyau yakan kwashe kifin ci bayan wata biyar ko shida.

Masu cewa ba za a iya ba

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce.

Na farko zai ce: mu da ruwan sha ke yi wa wuya, ina muka ga na kifi? Gaskiya ne. Garin da mata ke kwana a bakin rijiya, kada ya taɓa wannan aiki. Ruwan mutum da na bisashe shi ne gaba. Amma a fadamu da bakin gulabe, inda ake noman rani, lissafin daban ne. Kwami mai litir 600, in ana sake kashi ɗaya cikin uku, litir 200 ne a rana, wato bokiti goma masu litir 20. Ruwan nan kuma ba zubar da shi za a yi ba. Taki ne. A kai shi ga tumatir, da salati, da zogala. Ruwa ɗaya ya yi aiki biyu. Don haka a gina kwamin kusa da garka, a ɗan ɗaga shi, ruwan ya gangara da kansa.

Na biyu zai ce: a kashe namiji, a sayi allura, a gina kwami, duk saboda me? Ku yi lissafi da ni. Garam ɗaya na ƙwan tarwaɗa yana da ƙwayaye wajen 600. Uwa mai kilo ɗaya tana iya ba da ƙwai dubu 50 ko fiye. Namijin da aka yanka kuwa, tukunya ya nufa, ba a yi asararsa ba. Macen ma ba ta mutu ba: a ciyar da ita wata uku, a sake tatsarta.

Amma a nan ne kwaɗayi yake kayar da mutane. Mutum ya ga ƙwai dubu 50, ya zuba su duka a kwami ɗaya. Kwana biyar, ba ko ɗaya da rai. Kwamin da na faɗa muku, cokalin shayi ɗaya na ƙwai ya ishe shi, wato kamar garam 5, ƙwayaye dubu 3. Ko su ma, da sun girma sai an raba su biyu. To, sauran fa? Amsar ita ce ƙashin bayan shawarata. Uwa ɗaya ta isa gida goma. Mutum ɗaya a gari ya ƙware wajen allura da tatsa. Ran da ƴaƴa suka yi kwana uku ko huɗu, a raba su cikin bokiti, da sanyin safiya, ga gidajen da suka shirya kwami da ruwan kore. Kowa ya raini rabonsa. In na gida ɗaya suka mutu, na gida tara suna nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na uku zai ce: ai aikin masu babban karatu ne. Ina! Me aikin yake nema? A karanta lamba a jikin sirinji. A karanta sikeli da ma'aunin zafi. A rubuta lokaci, a ƙirga awoyi. A rubuta nawa suka mutu yau, wane abinci aka ba su, yaushe aka sake ruwa. Wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci ya iya wannan duka. Kayen nan shi zai nuna muku, a zubi na biyu, inda na farko ya karkace. Wanda ba ya rubutawa, kowane zubi sabon koyo yake yi. Ƴan uwa mata, maganar nan taku ce musamman. Raino yana son mai zama gida, mai haƙuri, mai lura. Wadda ta iya rainon ƴan tsaki da ƴan zabi ta riga ta san rabin aikin.

Ta ina za a fara

Kada ku fara da allura. Ku fara da raino. Ku samo ƙananan ƴaƴa ɗari biyu ko uku daga wurin da ya fi kusa da ku, ku riƙe su wata ɗaya, kuna tacewa, kuna sake ruwa, kuna rubutawa. In mafi yawansu sun rayu, hannunku ya faɗa. Cikin waɗanda kuka yi kiwo, ku ware masu kyau, maza da mata, ku bar su su shekara, kamar yadda kuke ware zangarniya. Lokaci-lokaci ku yi musanyar namiji da wani gari, domin iri in ya daɗe yana juyawa tsakanin ƴan uwa yakan raunana.

Tun kafin ku ƙyanƙyashe, ku san wanda zai karɓa: masu kwami na gari da na birni, da ƙungiyar masunta. Ɗan tarwaɗa ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Kowace rana ya ƙara a hannunku, ci yake yi, kuma yana cin ɗan uwansa. In kuma tabkin jama'a ake so a zuba wa, kada kowa ya yi gaban kansa. A zauna da mai gari, da sarkin ruwa, da ma'aikatan ruwa da dazuzzuka, a yi shawara tukuna.

Ku kai maganar nan wurin taron ƙungiyarku. Ku karanta ta ga waɗanda ba su iya karatu ba. Ku zaɓi mutum ɗaya da za a tura koyo, ku rubuta sunayen gidajen da ke da ruwa kusa, ku tara abin siminti tun da rani, don faɗuwar damana ta same ku a shirye.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika tabkunanmu, ya sa wa aikin hannunmu albarka. Amin.

Naku, malamin gona.